Bayan 'Yan Kallo Sun Watse

 

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da 'yar yayata ta yi mini, wadda ta sa na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. Na je gida Gwarzo duba Inna da ba ta jin daɗi, da daddare an ɗauke wuta muna tsakar gida a kan tabarma, ita kuwa yarinyar ta ƙura wa waya ido tana ta murmushi ita kaɗai. Na ce, "Ke kuma lafiya kike yi wa waya dariya?" Sai ta miƙo mini. Wai wani shirin talabijin ne na Turawa, mace tana wannan ɗaki namiji yana wancan, ga bango a tsakani, ba ta ganinsa ba ya ganinta, suna ta hira har ta kai ga ya durƙusa yana neman aurenta, ita kuma tana kuka shaɓe-shaɓe. Ta ce, "Anti, ke da kike rubuta littattafan soyayya, don Allah irin wannan auren yana ƙarko kuwa?"

Wallahi na buɗe baki zan ba ta amsa sai na tuna da littattafaina. Duk cikinsu babu wanda na wuce daren kai amarya. Da zarar an sayi baki, ango ya ajiye kazarsa, abokai sun yi addu'a sun fita, sai in rubuta alhamdu lillahi in ajiye biro. Ashe ni da masu talabijin ɗin nan jirgi ɗaya ne ya ɗauko mu, kowa yana sauke fasinjansa a ƙofar ɗakin amarya ya juya. Wannan ya sa na ce bari in bi sawun abin tun daga tushe.

Ba yau aka fara ba. A shekarar 1965 aka soma wani shiri a Amurka mai suna The Dating Game. Budurwa za ta zauna a gefe ɗaya, samari uku a bayan allo, ta yi ta jefa musu tambayoyi, wanda amsarsa ta fi yi mata daɗi shi za ta ɗauka, gidan talabijin ya biya musu kuɗin fita yawo. To a 1978 wata baiwar Allah ta zaɓi wani mai zaƙin baki ana ce masa Rodney Alcala, 'yan kallo suka ɗauki tafi. Da aka fito ta zauna da shi na ɗan lokaci sai ta ji hankalinta bai kwanta da shi ba, ta ce ita ta fasa. Allah ne ya yi da sauran kwananta a gaba, domin daga baya kotu ta tabbatar mutumin nan makashin mata ne, yana ɗaure ya mutu a 2021. Kin ji fa. Duk fitilun nan da masu ɗaukar hoto, babu wanda ya yi abin da kowace gwaggo a ƙauyenmu za ta fara yi, wato ta aika a tambayo ɗan gidan wane ne, mene ne halinsa.

Ingila ma sun yi nasu, Blind Date, daga 1985 har 2003, shekara 18 ana haɗa samari da 'yan mata duk mako, amma auren da ya fito daga ciki bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wanda ya fi yin suna shi ne The Bachelor, wato tuzuru, da aka fara a 2002. Namiji ɗaya, mata 25 a gida guda, duk mako yana miƙa jan fure ga waɗanda yake so su zauna, wadda ba ta samu ba ta haɗa kayanta tana hawaye. Ikon Allah! Mu nan kishiya ɗaya ta hana mu barci, ga waɗansu sun kai kansu cikin 24 da ƙafarsu. Tuzurun farko da wadda ya zaɓa ko shekara ba su rufa ba suka rabu, kuma yawancin waɗanda suka biyo bayansu haka suka ƙare, zobe a hannu, aure babu. Amma kada in yi musu ƙarya, akwai waɗanda Allah ya rufa wa asiri. Ita wadda aka bari a mataki na ƙarshe a wancan zagaye na farko, Trista, sai aka ba ta nata shirin a 2003, ta zaɓi wani ma'aikacin kashe gobara mai suna Ryan, aka ɗaura musu aure a watan Disamba na shekarar a gaban talabijin, suka wuce shekara 20 tare da 'ya'yansu biyu. Shi kuma shirin bangon da yarinyar nan take kallo, Love Is Blind, wato so makaho ne, a 2020 ya fito, kuma aure biyu da aka ɗaura a zagayensa na farko sun yi ƙarko. Har Larabawa an yi musu nasu a Dubai a 2024.

Wanda ya fi ba ni tausayi na tsofaffi ne. Wani dattijo ɗan shekara 72 da matarsa ta rasu, ya zaɓi wata mai shekara 70 da ita ma mijinta ya rasu, aka ɗaura aure a watan Janairu na 2024 duniya tana kallo kai tsaye, kafin ƙarshen Afrilu sun fito sun ce sun rabu. Wata uku. Kuma babban abin da suka faɗa shi ne sun kasa daidaitawa a kan garin da za su zauna, kowa ba ya son yin nisa da 'ya'yansa da jikokinsa. Maganar da a wurinmu tun ranar gaisuwar iyaye ake gama ta.

Nan Nijeriya ma an gwada. A farkon 2020 aka yi Ultimate Love a Legas, aka zuba samari da 'yan mata a gida ɗaya, jama'a suna zaɓe ta waya, Rosie da Kachi suka ci, aka yi baiko ana ta guɗa. Shekarar ba ta ƙare ba kowa ya kama gabansa.

To da na gama ba wa yarinyar nan labarin, sai Inna da muke zaton ta yi barci ta ɗago kai ta ce, "Yo wannan ai dandali ne, me ye sabo a ciki?" Muka kwashe da dariya, amma da na kwanta na juya maganar sai na ga tsohuwa ta fi ni gaskiya.

Mu ma ai a gaban jama'a muke zaɓe tun kaka da kakanni. A zamanin su Inna, a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, in kaka ta yi an kai amfanin gona gida, farin wata ya fito, 'yan mata za su ci kwalliya su fita dandali, ana gaɗa, mai kalangu yana kiɗa, samari sun yi da'ira, sarkin samari yana tsawatarwa. Saurayin da ya ga wadda ta yi masa zai fito ya yi mata kari a gaban kowa, wani ya fito ya ninka, maroƙi yana faɗa da ƙarfi don duk gari a ji. Ranar kasuwar Getso kuwa ba a magana, nan ake kai toshi, nan ƙawaye suke ƙirga wa kowa samarinta. Har fitar da gwani akwai, domin ranar da iyaye suka ce yarinya ta fito da miji, dole ɗaya ya tsaya saura su janye. Ki cire fitila da na'urar ɗaukar hoto, me ya rage wanda babu a wancan gida na mata 25?

Abu ɗaya ne, kuma a ganina shi ne maganar gaba ɗaya. 'Yan kallon dandali ba sa tafiya ko'ina. Matar da ta yi guɗa ranar da ya yi miki kari, ita ce za ki haɗu da ita a bakin rijiya bayan shekara biyar. Ta san uban yaron, ta san ko gidansu ana dukan mata, ta san rumbunsu yana kai wa damina ko ba ya kaiwa. In kin yi yaji ita za ta rako ki, in ya zo biko ƙanin babanki ne zai zaunar da shi ya wanke shi tas. Su kuwa 'yan kallon talabijin, miliyoyi ne amma ko ɗaya bai san ƙofar gidanki ba. Kukanki suke so da faɗanki da kishinki, don shi ke sa a zauna a kalla, masu talla su biya kuɗi. Ranar da aka ɗaura aure kasuwa ta tashi, mako mai zuwa an kawo sababbin fuskoki.

Kada kuma wata ta ce na ce zamanin da aljanna ne. Haba! Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, mutuniyar wajen Zarewa ce ta ƙasar Rogo, nan kudu da mu ba nisa. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Aure huɗu Baba ta yi. Na farko auren zumunci ne aka yi mata da ɗan uwanta alhali ga wanda ranta yake so, ta zauna don ta fita kunyar iyaye, sannan ta fita ta auri masoyin nata. Shi ɗin ma bayan shekaru masu yawa suka rabu. Kin ga ke nan waɗannan dangin da suke tsare miki mutunci, su ne kuma in sun ga dama suke ɗaure ki da wanda ba kya ƙauna.

A kan wannan ciwo ne ma littattafanmu suka tashi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tun tana ƙarama auren bai je ko'ina ba, ta fito da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Anti Bilkisu Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Suka ce a bar yarinya ta yi karatu, a bar ta ta zaɓa. Allah ya saka musu da alheri, sun yi mana yaƙi. Sai dai mu da muka taso a bayansu muna karanta su a ƙarƙashin bargo a makarantar kwana, rabin karatun muka ɗauka. Muka ɗauka in dai ke kika zaɓa shi ke nan an gama.

Ni ce shaida. Ina gama sakandare na kafe a kan wani mai iya tsara wasiƙa, in ya yi magana kamar a fim ɗin Indiya. Kawuna ya je ya yi bincike ya dawo ya ce a dakata, na yi kwana uku ba na cin abinci har aka gaji aka ba ni shi. Bikinmu sai da aka yi wata ana zancensa a unguwa. Shekara biyu ba ta cika ba na dawo gida da goyo da takarda a hannu, kuma duk ƙawayen da suka yi anko babu wadda ta taka ta zo. Kawun nan da na ƙi gaisarwa, shi ya ɗauko mota ya kwaso mini kayan ɗakina.

A lokacin nan ne maganar zawarawa ta cika Kano. Tun a watan Janairu na 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiya ta zawarawa da marayu, ta shirya fito da matan da aka saka su yi jerin gwano a kan titi don a san halin da suke ciki, Hukumar Hisba ta hana. Amma maganar ba ta mutu ba. Da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo mulki, Malam Aminu Ibrahim Daurawa yana shugabancin Hisba, sai aka ɗauko ta ta wata hanya. A watan Mayu na 2012 aka ɗaura auren zawarawa 100 a rana ɗaya a babban masallacin birni, gwamnati ta biya sadaki naira 10,000 kowace, ta yi kayan ɗaki. Ranar nan gidajen rediyo da talabijin har na ƙasashen waje sun hallara. A Disamba ta 2013 aka aurar da 1,111, a 2019 zamanin Ganduje aka yi 1,500, sannan a watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800 daga ƙananan hukumomi 44, sadaki naira 50,000, ga gado da katifa da kayan abinci, ga jarin naira 20,000 ga amarya. A walimar wannan ne Kwankwaso ya ja kunnen angwaye da amare cewa kowa ya bar leƙa wayar ɗan uwansa, aka yi ta dariya, ni kuwa na ce dattijon nan ya san inda gizo yake saƙa.

To wannan shi ne namu auren na gaban 'yan kallo, kuma ya bambanta da na Turawa ta wurare masu muhimmanci. Ba a ɗaurawa sai an yi gwajin jini, na ƙanjamau da na sikila da na juna biyu, gwajin ƙanjamau da na sikila ma sun zama doka a kan kowane aure a jihar Kano a 2024. Ana neman waliyyi, ana tambayar sana'ar namiji, kuma ana kafa masa sharaɗi cewa ba zai yi saki ba sai ya koma gaban Hisba an ji dalili. Wato dai hukuma ce take ƙoƙarin zama gwaggo da kawu ga wadda talauci ko zaman birni ya raba ta da nata. Ni ban karɓi fom ba, girman kai ya hana ni, ina ganin kamar tallan kai ne. Amma mutum biyu da na sani sun karɓa a zagayen 2013, kuma labarinsu ne ya sa na daina yi wa abin kallon raini, na kuma daina yi masa kallon magani.

Ta farko 'yar ƙanin babana ce, a wani ƙauye na ƙasar Kabo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Wanda ta aura ɗan garinsu ne, da acaɓa yake yi a birni, da aka hana goyo a babur a farkon 2013 ya tattara ya dawo gida ya kama noman rani a wajen dam ɗin Guzuguzu. Sun fi shekara suna son juna, kowa a garin ya sani, abin da ya tsare su gado ne da katifa da kwanuka, ita marainiya ba mai yi mata. Da mijinta a hannu ta je, gwamnati ta cike gurbin da ya rage. Ta biyun maƙwabciyata ce a birni, ita kuwa ranar da ta je karɓar fom ta fara ganin mutumin, a bakin ƙofa, ya sha shadda da hula zanna. Sati uku suka yi suna waya. Yayyenta suka ce a ba su lokaci su bincika, ta ce so suke a rufe rajista ta rasa. Ranar walima har a talabijin na hango ta cikin amare, ta yi kyau abinta. Wata bakwai aka yi, ya sayar da abin da zai sayu a ɗakin, ya ce zai je Legas neman kuɗi. Sharaɗin saki yana kama wanda ya tsaya ne, wanda ya sa ƙafa ya bar gari fa? Sai da ta kai ƙara kotu aka raba auren.

Rana ɗaya, sadaki ɗaya, gado iri ɗaya, liman ɗaya ya shafa fatiha.

Na kwanan nan kuma ya fi kowanne kama da na talabijin. A watan Oktoba na 2025 aka gurfanar da wani saurayi da wata budurwa 'yan TikTok a wata kotun majistare a Kano, saboda hotunan bidiyo da suke saki suna nuna wai soyayya suke yi, jama'a suna ta kallo suna yaɗawa. Kotu ta umarci Hisba ta ɗaura musu aure cikin kwana 60. Gari ya ɗauka, lauyoyi suna cewa kotu ba ta da hurumin tilasta aure, waɗansu kuma har sun fara maganar gudummawa. Ba a je ko'ina ba Hisba ta sanar an fasa, domin saurayin ya faɗa da bakinsa cewa ba son ta yake yi ba, ya faɗi haka ne don ya kuɓuta. Ni a nan na yaba musu da suka tsaya suka tambaya kafin a shafa fatiha. Amma yarinyar nake tunani, wadda dubban mutane suka yi ta dariya suna tura hotonta, yau waye a cikinsu ya san inda ta kwana?

Da Inna ta samu sauƙi, a hanyata ta komawa Kano na sauka a Kabo na hau babur zuwa wurin 'yar uwar tawa, na tafi da 'yar yayata don ta gani da idonta. Muka same ta a tsakar gida tana tuyar awara, yara biyar yanzu, uwar mijinta tana gefe tana tsince mata waken suya. Gadon gwamnati yana nan, ƙafa ɗaya ta karye an tokare da bulo. Na ce, "Yaya, wai har yanzu ana soyayya kuwa?" Ta kalle ni ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sau biyu tana yaji, na biyun ma sai da ta yi wata guda a gida, Baffa ne da limamin garin suka zaunar da su har dare ya raba. Ta ce bara da tumatir ya yi kwantai, da kuɗin awarar nan aka sayi taki. Sai ga shi ya shigo da fartanya a kafaɗa, ƙafa duk taɓo, ya gaishe mu, ya ajiye mata ƙullin goro da 'yar leda ta balangu a gefen murhu bai ce komai ba, ita ma ba ta ɗago ba, ta dai tura masa buta da ƙafa.

Da na dawo gida na ɗauko sabon littafin rubutu na fara wani labari daga safiyar da 'yan buɗar kai suka watse, amarya ta tashi ta tarar babu ruwa a randa. Na yi shafi 30 na ba wa 'yar yayata ta karanta. Ta karanta a tsaye, ta juya bayan takardar ta ga ko akwai saura, sannan ta miƙo mini ta ce, "Anti, to ina soyayyar take? Wannan ai ba mai saye."